Ficewa Daga Yarjejeniyoyin Ƙasashe: Ina Rabon Manomin Tambuwal Da Kebbe?

A cikin kwana goma kacal na watan Janairun 2025, ƙasashen da ba su haɗa girma ko arziki ba suka janye jiki daga alkawuran da suka ƙulla da sauran ƙasashen duniya. Ran 20 ga watan, watau ranar da aka rantsar da shi a karo na biyu, Shugaba Donald Trump na Amurka ya sa hannu a kan takardar umurnin fitar da ƙasarsa daga Yarjejeniyar Paris, wadda aka ƙulla domin rage ɗumamar duniya. Ran 29 ga watan kuwa, wa'adin shekara guda da Jamhuriyar Nijar da Mali da Burkina Faso suka bayar ya cika, suka bar Ƙungiyar Haɓaka Tattalin Arzikin Afirka ta Yamma, watau ECOWAS, wadda da su aka kafa ta a Legas cikin 1975.

Gwamnatin Tarayyar Nijeriya ba ta nuna niyyar bin sahun ko ɗaya daga cikinsu ba. Duk da haka tambayar ta riga ta shiga bakin ma'aikata da ɗalibai da sauran masu sauraron labaran duniya: idan mai ƙarfi ya ga fita ta fi masa, maƙwabci kuma ya ga haka, me ya zaunar da Nijeriya? Wurin da ya fi dacewa a auna wannan tambaya shi ne inda jama'a suke ci daga ruwan sama da fadama da dabba, kamar ƙananan hukumomin Tambuwal da Kebbe a kudancin Jihar Sakkwato. Ba a kan iyakar ƙasa suke ba, amma kusan kowace yarjejeniya da ake gardama a kanta tana da igiyar da ta iso har bakin gonakinsu.

ƘASAR DA RUWANTA

Tambuwal tana kan babban titin da ya tashi daga Sakkwato ya nufi Jega, kuma tsohon ribaɗi ce tun zamanin jihadi, inda Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu ya zauna. Kebbe tana kudu da ita, a kwarin Gulbin Zamfara, wanda yake gangarowa ta Gummi, ya wuce Jega, ya faɗa Gulbin Sakkwato kafin su tafi tare su shiga Kogin Kwara. A tudu ana noman gero da dawa da wake, a fadama kuma shinkafa da albasa da kayan lambu, ga masunta da makiyaya kowa da inda ya dogara. Dukkan wannan hidima tana rataye ne a kan damina ta kimanin wata huɗu.

Dattawan yankin sun ga abin da fari yake yi. Farin 1972 zuwa 1974 ya ƙarar da dabbobi masu ɗimbin yawa daga Senegal har Habasha, ya kuma koro dubban mutanen Nijar zuwa ƙasar Sakkwato neman abinci. Na 1983 zuwa 1984 ya sake maimaita wannan masifa. Matasan yau kuwa ambaliya suka fi sani. An yi ta 2010, sa'ad da madatsar ruwa ta Goronyo ta cika ta tumbatsa, ruwa ya shafe ƙauyuka a kwarin Rima. An yi ta 2020, wadda ta cinye shinkafar Jihar Kebbi tana gab da nuna. Ta 2022 ta kashe mutum fiye da 600 a faɗin Nijeriya, ta raba fiye da miliyan ɗaya da gidajensu. A watan Agustan 2024 kuma garin Gummi, maƙwabcin Kebbe, ya sha ruwa ƙwarai.

Masana sun bayyana yadda fari da ambaliya suke fitowa daga tushe ɗaya. Iska mai zafi tana ɗaukar danshi fiye da mai sanyi, saboda haka tana busar da ƙasa da sauri, idan kuma ta tashi saki sai ta saki ruwan gaba ɗaya. Wani bincike da aka buga cikin 2017 ya nuna cewa manyan hadura masu ƙarfi a yankin Sahel sun ninka har sau uku tun daga 1982. Manomi ba ya bukatar a karanta masa wannan, domin ya ga shuka ta ƙone a watan Yuni, ya kuma ga gonar ta nutse a watan Satumba na shekarar.

ABIN DA YARJEJENIYAR PARIS TA ƘUNSA

An amince da Yarjejeniyar Paris a watan Disambar 2015, ta fara aiki a watan Nuwambar 2016. Manufarta ita ce a hana zafin duniya ƙaruwa da digiri 2 a ma'aunin Salshiyos bisa yadda yake kafin zamanin masana'antu, a kuma yi ƙoƙarin tsayar da shi a digiri 1.5. Kowace ƙasa ita take rubuta wa kanta yawan hayaƙin da za ta rage, kuma babu tara ko hukunci a kan wadda ta gaza. Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa Nijeriya hannu a Niyok a watan Satumbar 2016, aka tabbatar da ita cikin 2017. A 2021 Nijeriya ta yi alkawarin rage kashi 20 cikin 100 na hayaƙin da ake tsammanin za ta fitar nan da 2030 da ƙarfin kanta, ko kashi 47 idan ta sami taimakon waje. A shekarar ce kuma aka sa hannu a kan Dokar Sauyin Yanayi ta ƙasa.

Ƙofar fita ma a rubuce take. Sashe na 28 ya ce ƙasar da ta ba da sanarwa za ta fita bayan shekara guda. Amurka ta bi ta wannan ƙofa sau biyu. Ta fita ran 4 ga Nuwambar 2020, Shugaba Joe Biden ya mai da ita a watan Fabrairun 2021, kana sanarwar Shugaba Trump ta biyu ta cika a watan Janairun 2026. Wannan kuwa ita ce ƙasar da ta fi kowace zuba hayaƙi a sararin sama idan aka haɗa lissafi tun daga farkon zamanin injuna, ko da yake a halin yanzu Sin ta fi ta fitarwa a kowace shekara. Nahiyar Afirka gaba ɗayanta ba ta kai kashi 4 cikin 100 na hayaƙin da ake fitarwa daga man fetur da gawayin ƙasa da iskar gas ba.

HUJJAR MASU CEWA A FITA

Masu ra'ayin a janye suna da hujjoji uku, kuma babu wadda za a yi wa dariya. Ta farko ita ce saɓa alkawari. A taron Kofanhagan na 2009 ƙasashe masu arziki suka yi alkawarin tara dala biliyan 100 kowace shekara kafin 2020 domin taimakon ƙasashe masu tasowa. Ba a cika adadin ba sai a 2022, kuma babban kaso daga ciki rance ne da za a biya. An kafa asusun biyan asara da ɓarna a taron Masar na 2022, Amurka ta yi alkawarin zuba dala miliyan 17.5 kacal, daga baya kuma ta fice daga hukumar gudanar da asusun a watan Maris na 2025. A taron Baku na 2024 aka sake yin sabon alkawari na dala biliyan 300 a shekara nan da 2035, alhali kuwa ƙasashe masu tasowa sun nemi abin da ya haura tiriliyan ɗaya.

Hujja ta biyu ta shafi arzikin ƙasa. Nijeriya da man fetur da iskar gas take samun mafi yawan kuɗin waje. Farfesa Yemi Osinbajo, lokacin da yake Mataimakin Shugaban Ƙasa, ya sha yin ƙorafi a 2021 da 2022 a kan yadda bankunan Turai da Amurka suke janye kuɗi daga ayyukan iskar gas a Afirka, alhali ƙasashensu suna ci gaba da amfani da ita. Wannan magana ta taɓa murhun kowane gida a Tambuwal da Kebbe, domin duk sa'ad da gas da kananzir suka yi tsada, gatari ne yake komawa daji, itace da gawayi su cika bakin titi.

Hujja ta uku ta cikin gida ce. A taron Dubai na 2023 an yi rajistar mutum 1,411 da sunan Nijeriya, gwamnati ta ce 422 kaɗai ta ɗauki nauyinsu. Masu suka suna tambaya, kuɗin jirgi da masauki na irin wannan ayari, rijiyar noman rani nawa zai haƙa a fadamar Kuchi ko Sanyinna? A ganinsu tarurrukan sun zama cin kasuwar manya, talaka kuwa sai labari a rediyo.

Kafin a yanke hukunci a kan waɗannan hujjoji, ya kamata a dubi abin da ya faru a lokacin da zumunci ya tsinke tsakanin Nijeriya da maƙwabciyarta ta arewa, domin wannan darasi ne da mutanen Sakkwato suka gani da idonsu.

DARASIN IYAKAR NIJAR

Ran 26 ga Yulin 2023 sojoji suka hamɓarar da Shugaba Mohamed Bazoum, Janar Abdourahamane Tiani ya hau mulki. Bayan kwana huɗu ECOWAS ta sa wa Nijar takunkumi, ta rufe iyakoki, ta kuma yi barazanar amfani da ƙarfin soja. Nijeriya ta yanke wutar lantarkin da take aikawa ta layin Birnin Kebbi, wadda a lokacin ita ce kimanin kashi 70 cikin 100 na wutar da Nijar take sha. Sanatocin Arewa suka fito fili suka ƙi amincewa da yaƙi. Janar Abdulsalami Abubakar da Mai Alfarma Sarkin Musulmi Alhaji Muhammadu Sa'ad Abubakar suka yi ta kai da kawowa Yamai domin neman sulhu.

Manyan motoci suka yi jerin gwano a Illela da Kamba, albasa da tumatir suka ruɓe a cikinsu. Fataken dabbobi da suke sarowa a Ƙonni da Gaya da Doso suka koma bin hanyoyin daji, kowane shinge da abin da za a ajiye, kuma a ƙarshe mai saye a kasuwar Tambuwal shi ya biya. An ɗage takunkumin ran 24 ga Fabrairun 2024, aka buɗe iyaka a watan Maris, amma kafin nan ƙasashen uku sun riga sun kafa Ƙawancen Ƙasashen Sahel a watan Satumbar 2023, sun kuma ba da sanarwar fita ran 28 ga Janairun 2024.

Bayan fitar, ɓangarorin biyu sun ce za a bar jama'a su ci gaba da shige da fice ba tare da biza ba. To, amma fa akwai bambanci tsakanin haƙƙin da yake a rubuce cikin yarjejeniya da alfarmar da ake iya janyewa gobe. Dokar ECOWAS ta 1979 ce ta ba ɗan ƙasa izinin shiga maƙwabta ya zauna har kwana 90. Shawarar da shugabannin ƙungiyar suka zartar cikin 1998 ce ta tsara yadda makiyayi zai tsallaka iyaka da takardar shaidar garkensa, ya bi burtalin da aka keɓe. Makiyayan da suke gangarowa kudu da rani zuwa kwarin Gulbin Zamfara a ƙarƙashin wannan tsari suke tafiya, ko sun san da shi ko ba su sani ba. A watan Oktoban 2024 Nijar ta hana fitar da hatsi zuwa ƙasashen da ba na ƙawancenta ba. A watan Maris na 2025 ƙasashen uku suka sa harajin rabin kashi ɗaya cikin 100 a kan kayan da ake shigo musu da su. A watan Mayun 2025 kuma Nijar ta hana fitar da dabbobi gab da Babbar Salla, masu neman ragon layya a Nijeriya suka ji a jikinsu.

Ba za a ce Nijar ba ta da dalili ba. Takunkumin da ya hana magani da wuta ya bar tabo a zukatan talakawan ƙasar, kuma da yawa daga cikinsu sun yi murna da fitar. Abin lura dai shi ne, waɗanda suka sa takunkumi da waɗanda suka yi fushi suka fita duk a manyan birane suke, asarar kuwa a kan falke da makiyayi da manomi ta sauka.

ƘOFOFIN DA NIJAR BA TA RUFE BA

Gwamnatin Yamai ta fita daga ƙungiyoyi da dama. Ta bar ƙawancen tsaro na ƙasashen Sahel biyar a watan Disambar 2023. A watan Maris na 2025 ta bar ƙungiyar ƙasashe masu amfani da harshen Faransanci, ta kuma ba da sanarwar janye sojojinta daga rundunar haɗin gwiwa ta yankin Tafkin Chadi. Amma a cikin dukkan waɗannan sanarwoyi babu ta fita daga Yarjejeniyar Paris, ko daga Hukumar Kula da Kogin Kwara mai ƙasashe tara, wadda hedkwatarta take a Yamai, ko daga kwamitin ƙasashen Sahel na yaƙi da fari da aka kafa cikin 1973.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ruwa bai san iyakar da Turawa suka ja ba. Hasali ma ita kanta iyakar saboda ruwa aka gyara ta. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 ta zana baka mai nisan mil 100 daga birnin Sakkwato, sai Faransawa suka iske an bar su da hanya marar rijiyoyi tsakanin Kogin Kwara da Damagaram, dole aka sake zama a 1904 da 1906 aka matso da layin kudu. Gulbin Maraɗi a ƙasar Katsina yake tasowa, ya shiga Nijar, ya sake dawowa Nijeriya ya faɗa Rima. Saboda irin waɗannan koguna ne ƙasashen biyu suka kafa Hukumar Haɗin Gwiwa cikin 1971, suka kuma ƙulla Yarjejeniyar Maiduguri ta 1990 a kan rabon ruwan da suka yi tarayya a kai. Madatsar Kainji da aka gama cikin 1968 tana jiran ruwan da ya ratso Nijar, kuma duk abin da aka yi a madatsar Kandaji da Nijar take ginawa a saman kogin zai shafi wutar Nijeriya.

Haka nan kuma cibiyar nazarin yanayi da ruwa da noma ta AGRHYMET, wadda aka kafa a Yamai cikin 1974, tana haɗa masana daga hukumomin yanayi na Afirka ta Yamma, har da na Nijeriya, su fitar da hasashen damina kafin a fara shuka. Hadarin da zai sauka a Kebbe daga gabas yake tasowa, ya ratso ƙasashe kafin ya iso, kuma babu hukumar ƙasa ɗaya da take iya ganinsa ita kaɗai. An ga muhimmancin irin wannan aiki a farkon 2025, lokacin da gwamnatin Amurka ta dakatar da taimakon ƙasashen waje, shirin gargaɗin yunwa na FEWS NET, wanda aka kafa cikin 1985 bayan yunwar Sahel da Habasha, ya tsaya cik na tsawon watanni kafin a farfaɗo da shi.

BATUN TSARO

Inda ƙawance ya yi rauni, ɓarna takan sami ƙofa. A watan Nuwambar 2024 Hedkwatar Tsaro ta Nijeriya ta sanar da ɓullar ƙungiyar Lakurawa a jihohin Sakkwato da Kebbi, ta kuma danganta yaɗuwarta da tsinkewar haɗin kan tsaron iyaka bayan juyin mulkin Nijar. A watan ne aka kai hari garin Mera na ƙaramar hukumar Augie, aka kashe mutane. A watan Disamba Janar Tiani ya yi hira da harshen Hausa ya zargi Nijeriya da haɗa baki da Faransa, Gwamnatin Tarayya ta musanta. Sai a watan Afrilun 2025 ministocin harkokin waje na ƙasashen biyu suka zauna a Yamai, kuma tsohuwar Hukumar Haɗin Gwiwar nan ta 1971 tana cikin abubuwan da suka jingina da su.

Ƙaramar hukumar Tambuwal ta ɗanɗana wani gefen wannan al'amari a daren 25 ga Disambar 2025, sa'ad da Amurka ta kai hari ta sama a Jihar Sakkwato. Gwamnatin Tarayya ta ce da yardarta aka yi, kuma maɓoyar 'yan ta'adda aka auna a ƙaramar hukumar Tangaza, sai dai ɓaraguzan makami sun faɗo a garin Jabo. Ƙasar da ta janye daga alkawarin yanayi a farkon shekarar ita ce makaminta ya iso gonakin Jabo a ƙarshenta. Manyan ƙasashe sukan zaɓi ƙawancen da za su riƙe da wanda za su saki gwargwadon bukatarsu, kuma suna da ƙarfin fita yau su dawo gobe a buɗe musu ƙofa. Ƙasar da mafi yawan mutanenta suke jiran ruwan sama ba ta da wannan sukuni.

GANUWAR ITATUWA DA AIKIN GIDA

Masu cewa a zauna suna nuni da abin da zaman ya kawo. Cikin 2007 Tarayyar Afirka ta amince da shirin Babbar Ganuwar Itatuwa, mai tsawon kimanin kilomita 8,000 daga Senegal zuwa Jibuti, da niyyar farfaɗo da hekta miliyan 100 kafin 2030. Nijeriya ta kafa hukumarta ta wannan aiki cikin 2015, kuma Sakkwato da Kebbi da Zamfara suna cikin jihohi 11 da shirin ya shafa. A watan Disambar 2021 Bankin Duniya ya amince da rancen dala miliyan 700 domin shirin ACReSAL na gyaran ƙasa da ruwa a jihohin Arewa 19 da Abuja. Irin waɗannan kuɗaɗe ana ba da su ne bisa tsare-tsaren da ƙasa ta gabatar a ƙarƙashin yarjejeniyoyin yanayi da na yaƙi da hamada.

Sai dai a nan ma masu suka suna da abin faɗa. Rahoton da Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar cikin 2020 ya nuna cewa hekta miliyan 4 kaɗai aka gyara a ainihin yankin ganuwar, watau kashi 4 cikin 100 na abin da aka nufa. Kowa ya san bikin dashen itace da ake yi da damina, a ɗauki hoto, kafin rani ya raba awaki sun cinye. Wannan gazawa ba a Paris aka yi ta ba, kuma fita daga yarjejeniya ba zai rayar da dashe ko ɗaya ba.

Misalin da ya fi ƙarfi daga Maraɗi ya fito. Tun daga shekarun 1980 manoman jihohin Maraɗi da Damagaram suka rungumi abin da suke kira sassaben zamani, watau idan an zo sharar gona sai a bar tohon gawo da kalgo da sabara, a rage rassan a bar masu ƙarfi su girma. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200. Abin da ya fi taimakawa shi ne da manomi ya tabbata itacen da ya raina a gonarsa nasa ne, ma'aikacin gandun daji ba zai ci shi tara ba idan ya sare reshe. Ƙasar tudu ta Tambuwal da Kebbe tana da irin waɗannan itatuwa, manomanta kuma harshe ɗaya suke yi da na Maraɗi. Abin da ake bukata shi ne malamin gona da zai kai musu dabarar, da hukumar da za ta tabbatar musu da mallakar itacen.

INDA MAGANAR TA TSAYA

Idan aka ɗora hujjojin a ma'auni, ƙorafin masu cewa a fita gaskiya ne, amma maganin da suka kawo ba zai biya bukata ba. Yarjejeniyar Paris ba ta hana Nijeriya haƙo gas ba, ba ta kuma sa mata tara ba. Fita ba za ta rage zafin watan Afrilu ba, ba za ta tare ruwan Gulbin Zamfara ba, sai dai ta cire kujerar Nijeriya daga wurin da ake bin bashin alkawuran da aka saɓa. Mai bin bashi kuwa ba ya ƙaura daga garin da wanda yake bi yake zaune.

Akwai kuma hanyar da doka ta tanada. Sashe na 12 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce babu yarjejeniyar da za ta zama doka a Nijeriya sai Majalisar Tarayya ta zartar da ita. Kebbe da Tambuwal mazaɓa ɗaya ce a Majalisar Wakilai, kuma daga wannan kujera ce Alhaji Aminu Waziri Tambuwal ya zama Shugaban Majalisar daga 2011 zuwa 2015. Jama'ar da wakilinsu ya taɓa riƙe wannan matsayi suna da ikon aika tambaya Abuja su jira amsa. Nawa ne rabon Jihar Sakkwato a cikin dala miliyan 700? Hekta nawa aka gyara a gundumomin Sangi da Girkau da Dogon Daji, kuma dashe nawa ya rayu bayan shekara uku? Waɗanne burtaloli aka shata aka kafa musu alama? Hasashen damina yana isa ga mai unguwa da harshen Hausa kafin ruwan shuka, ko kuwa a ofis yake kwana?

Amsar waɗannan tambayoyi tana cikin fayilolin ma'aikatun gona da na muhalli a Sakkwato, da ofisoshin sassan aikin gona na ƙananan hukumomin biyu. Ya rage ga ma'aikatan da suke riƙe da fayilolin su fito da lissafin fili, ɗaliban da suke nazarin ƙasa da tattalin arziki kuma su tafi gonakin su ƙirga da idonsu kafin damina mai zuwa ta faɗi.